Karen da aka kawo mana don gadi ya ƙi fitowa daga bayan duro

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a bayan Tumfure a nan Gombe, inda gidaje ba su gama haɗewa ba. Da damina ɓarayi suka haura mana katanga suka kwashe batiran sola, ga maigidana direba ne, yakan yi kwana huɗu ko biyar bai kwana a gida ba. Ƙaninsa da ya karanci lafiyar dabbobi ya tsinci wani kare a cikin kwalbati, waya ta ci masa wuya, yara sun farfasa masa jiki da jifa. Wata biyu ya yi yana jinyarsa a inda yake haya har ya warke, ya sa masa suna Zaki. Yanzu zai tafi bautar ƙasa, shi ne ya kawo mana shi ya riƙa yi mana gadi.

Yau kwanansa 12, amma Anti ko kyanwa ta fi Zakin nan zuciya. Bayan duron ruwa ya shige ya lafe, bai taɓa yin haushi ba ko sau ɗaya. Abinci sai sawu ya ɗauke yake ci, dare ya raba kuma ya yi ta kuka. Sau biyu yana sulalewa ta get, a can ƙofar ɗakin ƙanin mijina ake samo shi. Shekaranjiya ɗana mai shekara 5 ya matsa kusa da kwanonsa, ya yi masa gurnani har haƙora a waje. Surukata da muke zaune tare ta ce an kore mata mala'iku, kukan nan kuma mugun abu yake kira. Maigida ya ce karen banza ne, ko a ɗaure shi da sarƙa a riƙa ba shi bulala har ya yi zafi, ko a bai wa masu saye. Ni tausayinsa nake ji, amma tun ranar gurnanin nan ba na iya barci. Yaya zan yi?

Wata uwa, daga Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da na fara lura da shi shi ne kowa a gidan nan a tsorace yake. Maigida yana tsoron ɓarayi su dawo yana can kan hanyar Yola ko Kano. Hajiya tana tsoron albarkar gida ta zube. Ke kina tsoron ganin shatin haƙori a jikin ɗanki. Shi kuwa Zaki dukkanku yake tsoro. Ke ce a tsakiya, kowa ke yake kawo wa ƙara, shi ya sa barci ya ƙaurace miki. Tausayin da kike ji ba wauta ba ce, tsoron da kike ji ma ba rashin imani ba ne, kuma ba sai kin jefar da ɗaya kafin ki riƙe ɗayan ba.

Ki ɗan leƙa duniya daga bayan duron nan. Dabbar da aka shaƙe da waya, aka bi da duwatsu, hannu ɗaya tak ta sani da ya taɓa miƙo mata abu ba duka ba. Ta fara sakin jiki ke nan, rana ɗaya aka cusa ta a Keke Napep aka sauke ta a gidan da ba ta san warinsa ba, mai hannun nan kuma ya juya ya tafi. Ga yara uku suna tsalle a tsakar gida, tsayinsu ɗaya da waɗanda suka jefe ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Masu aikin ceton karnuka a Amurka da Ingila, waɗanda ke karɓar irin wannan karen su yi jinyarsa a gidajen riƙo kafin a samo masa gida na dindindin, suna da wani lissafi da suke gaya wa sabon mai shi: kwana 3 na farko a firgice yake, ya ɓuya, ya ƙi abinci, wajen sati 3 ya fara gane tsarin gidan, halinsa na gaskiya ya fara fitowa, sai an kai wata 3 kafin ya ɗauki gidan nasa. Gogewa ce ta masu aikin, ba ma'auni ne da kowane kare ke bi daidai ba, kuma wanda ya sha azaba kamar naku yakan fi haka daɗewa. A kwana 12, Zaki baƙo ne.

To baƙo ba ya gadi. Kare ba ya haushi a kan gidan da bai ɗauka nasa ba, kamar yadda ke ma ba za ki je gidan suna ki kama tuhumar masu shiga da fita ba. Wannan ita ce maganar da nake so ki kai wa maigida, kuma hujjarta tana cikin wasiƙarki. Karen da ya tsallake get sau biyu, ya ratsa titi da babura, ya je ya kwanta a ƙofar ɗakin wanda ya yi jinyarsa, ba karen banza ba ne. Amanar da maigida ke nema tana nan cik, adireshi ne kawai bai sauya ba tukuna. Kukan daren ma shi ne, ubangidansa yake kira, kuma yana raguwa idan ya saba.

Yanzu ga abin da ya hana ki barci. Gurnani gargaɗi ne, cewa yake yi "dakata daga nan". Karen da ya yi zaman titi ya san yunwa, ya san in bai tsare ɗan abin da ya samu ba wani zai ƙwace, shi ya sa kwano ya zama masa abin faɗa. Ya gargaɗi yaron bai taɓa shi ba, wannan alama ce mai kyau a wurina. Idan aka zane shi saboda gurnani, abin da zai koya shi ne gurnani na jawo duka, tsoron kuwa yana nan yadda yake. Ranar da aka sake matsa masa sai ya tsallake gargaɗin ya kai cizo kai tsaye. Tun kafin gurnani ma yana magana da jikinsa, mu ne ba ma kula: hamma ba don barci ba, yawan lasar hanci, kau da kai gefe yana satar kallo har farin idonsa ya bayyana, kunnuwa a manne, jela a tsakanin ƙafafu. Mafi haɗari shi ne ki ga jikinsa ya sandare ya tsaya cak yana kallon mutum. Kin ga wannan, ki janye yaro nan take, ba ihu, ba gudu.

Ba zan ce miki ki yarda da shi a kan yara ba. Kada ki yarda, ko da nan gaba kin ga ya zama kamar ɗan rago. Yaro ɗan shekara 5 zai ce "to Mama", minti biyu ya manta. Saboda haka shinge za a yi, ba nasiha ba. A kewaye kusurwar duron nan da ragar waya irin ta kejin kaji mai kauri, a yi mata 'yar ƙofa mai sakata a sama inda hannun yaro ba ya kai. A ciki zai ci abinci, a ciki zai yi barci, kuma ba mai shiga sai ke ko maigida. In ya gama ci ki jira ya bar wurin kafin ki ɗauke kwanon. Yaran su san ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, ba a jan jelarsa, ba a hawansa, ba a rungumarsa. In ya nufo su, su tsaya cak su naɗe hannu su kalli ƙasa. Ki tuna kuma gidan Bahaushe ba na mutanen gidan kaɗai ba ne. Ga yaran maƙwabta da ke faɗowa ba sallama, ga almajiri da zai turo get da robarsa. Da rana, lokacin da get ke yawan buɗuwa, Zaki ya kasance cikin shingensa. Hakan ne ma zai hana shi sulalewa.

Kafin shingen ma akwai takarda ɗaya da nake so ki gani da idonki: katin rigakafinsa. Ƙanin mijinki ɗan hannu ne, wataƙila ya yi masa allurar ciwon haukan kare, amma a wannan maganar ba a dogara da "ai na yi". A ga kwanan wata, a ga sa hannun likitan dabbobi. In babu, a kai shi asibitin dabbobi cikin satin nan. Ana yin allurar tun kare yana ɗan wata 3, a riƙa sabunta ta duk shekara, kuma ba abar nesa ba ce, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana cikin masu sarrafa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kimanin 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Idan, Allah ya kiyaye, ya ciji wani ko ya yakushe shi har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa na tsawon minti 15, a wuce babban asibiti a ranar a nemi allura. Kada a tsaya barbaɗa toka ko ƙona gashin karen a shafa kamar yadda wasu ke yi. Shi kuma karen a killace shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da likitan dabbobi. Tunda za a je, likitan ya duba tabon wuyan nan, ya ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma. Kare mai ciwo a jiki yakan yi saurin fushi, kamar mutum.

Bayan duron kuwa, ki bar masa abinsa. Shi ya zaɓi wurin, kada a jawo shi da ƙarfi don a nuna wa baƙi. A gyara masa kawai: rumfa a sama, buhu ko tsohon bargo a ƙasa saboda sanyin hunturu, ruwa mai tsabta kullum. Kin san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu yana kai maki 40, kare kuwa ba ya zufa kamar mu, da haki yake rage zafi, in aka bar shi a rana a kan siminti sai ya galabaita. In kin ga yana yawan barci da rana kada ki ce lalaci ne, kare lafiyayye yakan yi awa 12 zuwa 14 yana barci a yini da dare.

Ƙanin mijin nan naki bai gama aikinsa ba. Ai abokin wasanki ne, ki matsa masa lamba kafin ya shiga sansani. Ya kawo buhun da karen ke kwanciya a kai, da kwanon da ya saba, da wata tsohuwar rigarsa da ba a wanke ba, a ajiye a makwancin. Duniyar kare a hanci take, warin nan kaɗai yakan rage kukan dare. Ya gaya miki me yake ba shi, ƙarfe nawa, da wace kalma yake kiransa, da me yake firgita shi. In ya zo, kada ya tsaya wasa da shi shi kaɗai. Ya zauna kusa da ke, abincin ya fito daga hannunki, ya zagaya da shi ciki da wajen katanga kuna tare da maigida, sa'annan ya fita shiru ba dogon bankwana. Zuwan ya riƙa raguwa a hankali, kada ya yanke rana ɗaya.

Naki aikin ba shi da wuya, naci yake so. Abinci safe da yamma, lokaci ɗaya, hannu ɗaya. Da la'asar in yara sun tafi Islamiyya, ki ɗauki kujerarki 'yar tsugunno da farantin wake ko shinkafar da za ki tsince, ki zauna nesa kaɗan da shingen, ki ba shi gefe, kada ki fuskance shi, kada ki zuba masa ido, domin a wurin kare kallon ido cikin ido neman faɗa ne. Ki yi ta aikinki. Can ki jefa ɗan guntun busasshen kifi wajensa ba tare da kin waiwaya ba. Ranar farko ba zai taɓa ba sai kin tashi. Wata rana za ki ji ƙarar tauna a bayanki. Wata rana kuma ki ji sanyin hanci a gefen zaninki; ranar ma kada ki kai hannu kansa, ki bari ya shinshina ya koma. Lokacin ina yarinya a Bauchi an taɓa kawo mana wata karya da makiyaya suka tashi suka bari. Sati biyu tana ƙarƙashin amalanke. Babanmu bai ce ta zauna ba sai wata safiya da ya gan ta miƙe a hantsi, ta kwanta a gefenta, ƙafafu a baje, tana minshari. Karen da ke tsoro a dunƙule yake kwana. Wannan kwanciyar ita za ki jira.

Abinci, tuwo ko shinkafa da ɗan kifi, ƙwai dafaffe ko tarkacen nama sun isa. Sauran miya mai albasa da tafarnuwa da yaji ba nasa ba ne, albasa tana lalata wa kare jini. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji. Kada a ba shi maganin mutane irin su farasitamol. Cin da yake yi da dare ba matsala ba ne, yana ci ai. In ya yi kwana biyu bai ci komai ba, ko amai da gudawa suka kama shi, sai likita.

Maigida kuwa kada ki fara masa da tausayi, ba shi ne damuwarsa ba. An shigar masa gida, an yi masa asara, yana barin mata da yara da tsohuwa a bayan gari, damuwarsa tana da tushe. Ki fara da yarda da wannan. Sa'annan ki nuna masa cewa bulala da sarƙa ba sa yin karen gadi, mai cizo suke yi, kuma mai cizon nan ba ɓarawon da ke zuwa sau ɗaya a shekara zai fara samu ba, wanda ke gilmawa ta gabansa kullum zai samu, wato 'ya'yansa. Balle kare mai tabon waya a wuya, a sake zarga masa ƙarfe a wurin. In dole sai an ɗaure shi na ɗan lokaci, a nemi abin ɗauri mai faɗi na ƙirji da doguwar igiya, a inuwa. Gaskiyar da zan faɗa muku ita ce mai yiwuwa Zaki ba zai taɓa zama mai kai farmaki ba. Amma gidanku ƙararrawa yake buƙata, ɓarawo hayaniya yake gudu, kuma kare mai ɗari-ɗari kunnensa a buɗe yake, in ya saba da gidan, ko ɓera ya taɓa katanga sai unguwa ta ji. Kafin lokacin, ba a kiwon kare ranar farauta: a ƙara fitila a bayan gida, a gyara makullai, a shiga tsarin 'yan sintirin unguwa, kada a ɗora tsaron gida kacokan a kan baƙon kwana 12.

Maganar Hajiya ba taki ba ce, ta ɗanta ce. Suruka ba a ja-in-ja da ita a kan addini, ko da kina da hujja. Kuma ba daga sama ta ɗauko zancen ba, hadisin mala'iku da kare ingantacce ne, haka ma wanda ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa sai in na farauta ne ko kiwo ko gona. Malamai da yawa sun shigar da gadin gida cikin wannan rangwame idan akwai buƙata ta gaske, kuma a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Akwai kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Ni ba malama ba ce. Maigida ya je wurin malamin da Hajiya ke ganin girmansa, ya faɗa masa halin da ake ciki har da satar da aka yi, ya dawo mata da amsa. Ke kuma ki sauƙaƙa mata abin a aikace: karen ba ya shiga ɗaki ko madafa, ba ya kusantar randa, buta da sallaya, kwanoninsa daban, wurinsa can kusa da get, kashinsa a kwashe kullum. Sau da yawa tsofaffinmu ƙazanta suke gudu fiye da komai, in suka ga an kiyaye sai zuciya ta yi sanyi.

Ki roƙi maigida wa'adin wata 3, da sharaɗin ba duka ba sarƙa. In kafin nan ya ciji wani ba tare da an takura shi ba, ko ya fara bin yara da farauta, ko kuma Hajiya ta kasa samun natsuwa har gidan ya zama filin rigima, to kada ki ga kamar kin ci amana in kin sallame shi. 'Ya'yanki da zaman aurenki suna gaba da shi. Sai dai sallama ma da yadda ake yin ta. Ƙanin mijinki da likitan dabbobi su nemo mai gona ko mai garke, wurin da ba ƙananan yara, a gaya masa tarihin karen da halinsa ba ɓoye-ɓoye, a ba shi katin rigakafin da buhun kwanciyar, wani ya je ya ga wurin. Kada a kai shi bayan gari a yar, zai koma kwalbatin da aka ciro shi ne. Masu yawon sayen karnuka kuwa, maigida ya san da yawansu ba gadi suke kai su ba, kasuwar karnuka ta garin Dawaki a jihar Filato, inda ake sayar da su don nama, sananniya ce, kuma ban ga yadda zai kalli ƙaninsa ba bayan wata biyun da ya yi yana wanke gyambo.

Yau da daddare ki sa sakata a get da hannunki, ki tabbatar yaran suna ɗaki kafin ki ajiye masa abinci, ki je ki kwanta. Bayan sati uku ki rubuto mini ki gaya mini yadda yake kwanciya, a dunƙule ko a miƙe. A gaida Hajiya da yara.